Akwai abincin Arewa da sai ka bar Kano za ka ci shi?

Baban_Amira:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da hutu bayan Babbar Sallah, kuma ina son in fita da iyali mu ga wani gefe na ƙasar nan da ba Abuja ba, ba Kaduna ba, ba kuma Yankari da kowa ke ambata ba. Abin da ke damuna shi ne yarana sun san Dubai da Istanbul ta waya, amma in ka tambaye su ina Haɗejia take sai su yi shiru. Da na kawo maganar a majalisarmu ta Gwammaja, wani dattijo ya ce asarar kuɗin mota ce kawai, wai babu abin da ake ci a Arewa da ba za ka same shi tsakanin Kurmi da Sabon Gari ba. Shi ne nake tambayar ku, haka ne? In ba haka ba ne, wane gari, wane abinci, kuma ta ina ake bi?

Dan_Jakara:
Wa alaikumus salam. Dattijon nan gaskiya ya faɗa. Kano tumbin giwa ce, ko da me ka zo an fi ka. Hatsin da aka noma daga Borno har Sakkwato a Dawanau yake sauka. Kayan miya ga 'Yankaba, kayan marmari ga 'Yanlemo, kifi ga Galadima. Acca ma da ake cewa ta mutanen Filato ce, a mudu ake auna ta a kasuwar Rimi. Su kuma mutanen garuruwan nan in sun shigo Kano, gurasarmu da alkaki suke ɗaurewa su koma da su. Ka riƙe kuɗinka Alhaji, ka kai yara Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata su hau Dala, ya ishe su.

Yar_Hadejia:
Malam Dan_Jakara, kayan abinci daban, abinci daban. Kifin da kake gani a Galadima ko dai banda ne da ya daɗe a kwali, ko na kiwo da aka ciyar da abincin buhu. A wajenmu masunci zai fito da tarwaɗa ko karfasa da hantsi, kafin azahar tana cikin tukunya. Farfesun ba ya son tarkace: albasa, attaruhu, daddawa, ɗan citta da masoro, shi ke nan, domin kifin da kansa yana da zaƙin da ba ya buƙatar taimako. Akwai kuma bargi da kurungu da gaiwa, waɗanda da yawa daga cikin 'yan birni ko a hoto ba za su iya bambanta su ba. Aure ya kawo ni Kano, ina zaune a Hotoro, ina dafa kifi kullum, amma wallahi ban taɓa samun wannan ɗanɗanon a nan ba. Hannuna bai canza ba, kifin ne ba ɗaya ba.

Ummu_Khairat:
Anti Yar_Hadejia kin faɗi abin da ke raina. Haka masar Bauchi take. Shinkafar dai ita ce, tanda ita ce, amma laushin da ke cikinta da yadda suke barbaɗa mata ƙuli da yaji, a nan an kasa kamo shi.

Malam_Na_Kurna:
Baban Amira, tun da yara ne a gaba, ka haɗa ciki da ilimi. Ruwan da kuke tsallakawa a gadar Wudil, shi ne dai ke gangarawa Haɗejia. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejia, shi kuma ya bazu cikin dausayin da ke tsakanin Haɗejia da Nguru kafin abin da ya rage ya nufi tafkin Chadi. Kifin da Hajiya take yabo da ruwanmu yake rayuwa. Kuma akwai abin da ya kamata mu Kanawa mu sani. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, aka ƙara na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun can duk damina ta canza. A da ruwa ya zo da yawa ya janye, a yi noma a yi su. Daga baya sai ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara, wannan ne ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muke alfahari da su, wani a ƙasan kogi ya biya wani abu a kansu. In yaro ya ga Tiga ya kuma ga Haɗejia, ya karanta darasin da ba a koyarwa a aji.

Yar_Hadejia:
Allah ya saka da alheri Malam. Kacala kam ta cuce mu. Iyayenmu suna ba da labarin wuraren da kwalekwale ke wucewa, yanzu ko ƙafa ba ta ratsa su.

Direban_Unguwa_Uku:
Ni maganar hanya zan yi, don ita na sani. Haɗejia ka hau mota a 'Yankaba, ta Gezawa da Gujungu, ka yi sammako ka isa da sauran safiya. Wannan babu damuwa. Birnin Kudu da Dutse ta Wudil ne, su ma lafiya lau. Amma duk wanda zai ba ka shawarar yamma, wato ɓangaren Zamfara ko Birnin Gwari, ka ce masa ka gode, ba da iyali ba a wannan lokaci. Kuma ko ina za ka, kada magariba ta same ka a daji. Sannan ka yi lissafin mai da kyau, tun da aka cire tallafi a 2023 tafiyar nesa da mota ta zama sai an shirya.

Bakano_a_Gembu:
Jama'a ku bar ni in yi maganar Mambila, domin duk abin da aka lissafa a sama ƙasa ɗaya ce da tamu, gero da dawa da rana. Aikin koyarwa ne ya kai ni can. Daga Jalingo za ka bi ta Bali da Serti, sai ka iso Mayo Selbe, a nan hawan yake farawa. Titin yana nannaɗe dutse, mota tana nishi, kunnenka yana toshewa, gefe guda rami ne mai zurfi. Da ka ƙare hawan sai ka ga wata duniya: tuddai shimfiɗe da koriyar ciyawa iya ganinka, shanu a warwatse babu mai kora su, itatuwan turare a jere, hazo yana sauka har kan titi. Tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, shi ya sa ba a neman fanka, suwaita ake nema, wani lokaci har da rana tsaka.

Abinci kuwa, tuwon masara ne da miyar kumbi. Wani ganye ne mai ɗan ɗaci kaɗan, ana soya shi da manja ko man shanu, kuma ban taɓa ganin sa a 'Yankaba ba, Malam Dan_Jakara ka ji ɗaya. Ayaba da fiya a bayan gida suke, ba a ɗauke su abin marmari ba. Kindirmo mai kauri da man shanu sabo, Fulanin can ba sa tsuga masa ruwa. Ga gonar shayi a Kakara, inda za ka ga ganyen da muke sha a teburin mai shayi yana tsaye a gona ana tsinkar sa da hannu. Yaron da ya ga wannan ba zai ƙara ɗauka cewa shayi a kwali yake tsirowa ba. Gashaka Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, a kan hanyar yake wajen Serti, kuma a yankin ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan.

Sadiq_Fagge:
Ikon Allah. Gembu ɗin nan ba a Adamawa take ba?

Bakano_a_Gembu:
A'a ɗan uwa, Taraba ce, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Da dai duk jihar Gongola ce, a 1991 aka raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Yankin ma ba ya cikin Najeriya lokacin samun 'yanci, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da mu.

Direban_Unguwa_Uku:
Malam na Gembu, wurin yana da kyau babu musu, amma ka faɗa masa nisan. Daga Kano sai ka ratsa Gombe da Numan kafin Jalingo, ka kwana, washegari ka kama hanyar dutse. Da ƙananan yara, kuma a farkon damina da hawan ke santsi, ni ban ba shi shawara ba. Wannan tafiyar maza ce, ko kuma a bari sai rani.

Hajiya_Gwammaja:
'Ya'yana, kuna ta tsallaka jihohi, ni kuwa abin da ke ba ni takaici a cikin gidanmu yake. Wa ke yin kwaɗon tafasa yanzu a birni? Wa ya san yaɗiya? Da damina ta sauka a ƙauyukan Rano da Kibiya da Sumaila, mata za su tsinko tafasa su dafa su matse, a daka ƙuli da barkono da gishiri a kwaɗa, a ci a sha ruwa a koma gona. Dambun tsakin masara da rama, ana turara shi a madambaci na ƙasa, a zuba man gyaɗa na gida. Fura kuma a dama ta a ƙwarya da ludayi, ba wannan da ake markaɗawa a inji a zuba mata madarar gari a sa a roba ba. Jikokina in na ba su ɗinya ko kanya ko taura sai su tambaye ni mene ne wannan. To Baban Amira, kafin ka kai su Taraba, ka kai su ƙauyen kakanninsu su kwana biyu.

Ummu_Khairat:
Mama Allah ya ƙara lafiya. Maganar fura ta taɓa ni. Ranar Juma'a in kin je Wudil, ranar kasuwar shanu, za ki ga Fulani mata da ƙore a jere, nonon da aka tatsa jiya. Nan kusa ne, mutum zai je ya dawo kafin la'asar.

Dan_Jakara:
To ai kun dawo kan maganata. Rano Kano ce, Wudil Kano ce, Sumaila Kano ce. Ƙananan hukumomi 44 gare mu.

Malam_Na_Kurna:
Ba haka dattijon ya ce ba, Malam. Cewa ya yi tsakanin Kurmi da Sabon Gari. Mutumin da bai taɓa wuce Na'ibawa ba bai san jihar Kano ba, birni kawai ya sani. Je ka Riruwai a Doguwa ka gani, garin da aka yi haƙar kuza tun zamanin Turawa, duwatsu ne da sanyi da gonakin masara, yanayinsa ya fi kusa da na Jos a kan na Fagge. Nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa?

Direban_Unguwa_Uku:
Riruwai sai an ratsa dajin Falgore, ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada. Ana bi kullum, motocin Jos nan suke wucewa, amma da rana, kuma ka tambayi direbobin layin halin da ake ciki kafin ka tashi.

Maman_Sultan:
Tun da an ambaci Jos, ni gwate zan yi wa kamfe. Na yi bautar ƙasa a Mangu. Ana dama shi da acca ko tsakin masara, a zuba alayyahu da yakuwa da gauta, a sa ƙashi mai ɓargo ya dahu a ciki. Yana kama da fatenmu amma ya fi shi ruwa da ɗan tsami, kuma a sanyin can da safe babu abin da ya kai shi. Ita acca da ake aunawa a Rimi gaskiya ce akwai, amma aikinta ne mutane ba su iya ba. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, in ba a rege ta da haƙuri an fitar da yashi ba, cokali ɗaya za ka yi ka ajiye. Matan can tun suna yara suke koyon wannan. Masu ciwon suga a nan suna saye da tsada su kai gida a ɓata ta.

Abu_Hanifa_Dorayi:
Tambaya don Allah, ba da wata manufa ba. A irin garuruwan nan na Filato da Taraba yaya mutum zai yi da maganar yanka?

Maman_Sultan:
Tambaya ce mai kyau Malam. Kusan duk garin da ke da kasuwa akwai unguwar Hausawa da masallaci da mahauta Musulmi. Kuma mutanen gari sun san wannan, in ka tambaya cikin mutunci za su nuna maka inda za ka ci hankalinka kwance. Maƙwabciyata a can Kirista ce, in za ta aiko min da abinci da kanta take cewa wannan babu nama a ciki, ko kuma daga wajen mahaucin Hausawa ta sayo.

Baban_Amira:
Masha Allah, ban zaci zan samu wannan duka ba, Allah ya bar zumunci. Mambila ta shiga raina amma na ji maganar direba, zan ajiye ta. Yanzu hankalina ya rabu tsakanin Haɗejia da ɓangaren Dutse da Birnin Kudu. Me ake gani a can, me ake ci? Hajiya kuma na karɓi faɗanki, mahaifina mutumin Kibiya ne, kuma yaran ba su taɓa kwana a can ba.

Dan_Dutse_Gadawur:
Alhaji ka zo Dutse ka ci dabino ɗanye daga kan bishiya. Yawancin Kanawa busasshe suka sani, na Nijar ko na Saudiyya da ake rabawa da azumi, ba su san ana noman sa a nan kusa da su ba, har da tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. Daga nan ka wuce Birnin Kudu, akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda mutanen zamanin da suka yi tun kafin a san da zuwan Turawa. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse suke amo. Ka nemi ɗan gari ya raka ku. Jigawa daga jikin Kano aka cire ta a 1991, amma sai ka ga Bakano ya san Legas bai san mu ba.

Yar_Hadejia:
Baban Amira, gaskiya ɗaya zan faɗa maka ko da za ta hana ka zuwa garinmu yanzu. Sallar bana farkon damina take, lokacin ruwa ya ja baya sosai, kifi bai yi yawa ba. Lokacin kifi shi ne in ambaliya ta fara janyewa, daga kaka zuwa hunturu. Kuma a hunturun ne tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suke sauka a Baturiya, cikin Kiri Kasamma, yara su gan su da idonsu. In ka zo yanzu za ka ci kifi, amma ba za ka ga abin da nake ba ka labari ba. Ka bari sai hutun ƙarshen shekara.

Modu_Nguru:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake har wajenmu, Dagona ma sai da sanyi tsuntsaye ke cika. Amma in kun zo Haɗejia ku ƙaraso Nguru mana. Nan layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, da shi aka riƙa kwasar gyaɗa da fatu. Ku ci burabusko na gero da miyar kuka ko ta yakuwa da busasshen kifi, yadda Barebari ke yin sa warwar ba ya cakuɗewa. In kun dace da biki ku ci denderu, naman da ake cuɗawa da kayan ƙamshi a rufe shi ya daɗe a kan garwashi har ya saki ƙashi. Ga wanda ke son tarihi kuma, a Yobe aka tono kwalekwalen Dufuna a 1987, wani Bafulatani ne yana haƙa rijiya ya ci karo da shi, masana suka ce ya haura shekara 8,000. Yana Damaturu yanzu.

Dan_Jakara:
Burabusko ai matanmu suna yi, denderu ma ana yin sa a gidajen Barebarin da ke Kano. Kumbi ne kaɗai na yarda babu. Amma ku ma ku amsa min, akwai inda za ku ci bandashe irin na Jakara a wajen Kano?

Modu_Nguru:
Babu, Malam, kuma shi ya sa in na shigo Kano nake neman sa. Kai ma sai ka zo ka nemi namu a inda aka iya shi.

Basakkwace_a_Sabongari:
An yi gabas an yi kudu, babu wanda ya tuna da mu. Hoce fa? Garin dawa ake kwaɓawa a gasa shi, yana da nauyi a ciki, ɗaya da ƙuli da ruwa ya riƙe manomi har yamma. Ban taɓa ganin mai sayar da shi a Kano ba. Sai Argungu, bikin kamun kifin da aka fara a 1934 a kogin Matan Fada, ga gidan tarihin Kanta a cikin gari, ga albasar Aliero da shinkafar fadamar Kebbi. Na san direba zai ce hanya, kuma yana da gaskiya, mu kanmu da addu'a muke zuwa gida. Allah ya kawo mana zaman lafiya, don abin da rashin tsaro ya raba mu da shi ya haɗa har da sanin juna.

Hajiya_Gwammaja:
Amin ya Allah. Baban Amira, in za ku Kibiya ka sa uwar yaran ta tafi da gyaɗa da sukari da sabulu na tsaraba, kada ku je hannu rabbana. Kuma ka gaya wa 'yan uwanka tun da wuri cewa abincinsu kuke so, in ba haka ba za su ga baƙi daga birni su dafa muku taliya da shinkafa.

Sadiq_Fagge:
Mu samari da ba mu da iyali, akwai masu sha'awar mu haɗa kuɗin mota mu je Maigatari ranar Alhamis? Ina son ganin kasuwar raƙuma, an ce har cuku na Buzaye ana samu daga tsallaken iyaka.

Direban_Unguwa_Uku:
Maigatari ta Gumel ake bi, motarta ma a 'Yankaba take. In za ku, ku tashi da asuba, don kasuwar dabbobi da wuri take ci, kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa saboda bakin iyaka ne, akwai shingayen jami'ai a hanya.